Biyar Ɗin Da Na Mayar Shida

Sallama gare ku, masu bibiyar labarina. Yau babu raha. Sau biyar ina fara rubutun nan ina gogewa, saboda na san abin da zan faɗa zai zubar min da ƙima a idon da yawa daga cikinku, musamman masu zuwa sharhi suna kira na jaruma don kawai na iya riƙe zarto. Ku ajiye yabon nan gefe tukuna, ku ji abin da jarumar taku ta aikata.

Wanda yau ya fara shigowa, ga ni a taƙaice. Ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da uku, ina ajin farko a sashen koyon zanen gine-gine. Shekara huɗu na yi a gida ina neman gurbin nan, har ƙawayena suka shiga suka fito ina nan ina wanke-wanke. Da na samu, Abba ya yarda, amma da sharaɗi ɗaya da ya faɗa a gaban Umma da Goggo, ƙanwarsa, don kada wani ya ce bai ji ba: in na faɗi ko darasi ɗaya a shekarar farko, in tattara rula da fensir in dawo gida, a yi aurena da saurayina Injiniya, maganar karatu ta mutu. Kada ku ce tilas aka yi min. Ni na kawo Injiniya gidanmu da kaina, kuma ina son sa. Sai dai karatun nan ma ina son sa, irin son da na kasa yi wa kowa bayaninsa a gida.

Umma tun ranar farko ba ta ƙaunar sashen nan. Kullum na dawo sai ta kama tafin hannuna ta juya, ta ga kanta, ta ga inda sartse ya shige ni, ta ce ita dai mace ta haifa an mayar mata da ita mai faskare. Goggo ta ɗora da cewa wace amarya ce za ta shiga ɗakinta tana warin katako. Ni kuma bakina ba ya barin bashi, na ce warin katako ya fi warin zaman banza. Sai da Umma ta yi kwana biyu tana amsa gaisuwata ciki-ciki.

A sashenmu, kafin a bar ɗan ajin farko ya taɓa kwamfuta, sai ya gina abu da hannunsa. Aka raba mu biyar-biyar. Mu aka ba rumfar jiran mota a ƙofar baya ta makaranta, inda ɗalibai suke tsayuwa rana tana dukan su: ginshiƙai huɗu, sandunan gicciye takwas da za su ɗaure ginshiƙan sama da ƙasa, sai benci da rufi. Malaminmu dattijo ne siriri, tabarau kullum a goshi. Malam Ba-Ƙusa muke ce masa a bayan idonsa, don bai yarda a buga ƙusa ko ɗaya ba. Kowace sanda sai an fere mata harshe a baki biyu, a huda rami a jikin ginshiƙi, harshen ya shiga ramin ya zauna daram. Katako kuma sau ɗaya ake bayarwa, kowanne da tambarin jan fenti na sashe a jikinsa. In kun ɓata, kun ɓata.

Dokarsa mafi girma ita ce wanda ya zana ba ya yanka abin da ya zana. Kai ka zana ka sa hannu, wani ya yanka ya sa hannu. In aiki ya lalace, a ɗauko takarda a ɗauko katako a gwada. In katako ya saɓa wa takarda, mai yanka ya faɗi darasin. In katako ya bi takarda amma ya ƙi zama, mai zane ya faɗi. Yakan ce wata rana za mu zauna a ofis mai sanyi mu ja layi, wani bawan Allah ya hau sama cikin rana ya gina yana dogaro da lambar da muka rubuta, don haka yana so mu ji nauyin lamba a kafaɗarmu tun yanzu. Lokacin ina gyaɗa kai kamar na gane.

Ni aka ba zanen sandunan gicciye. Mai yankawa kuma Mai-Awo ne.

Mai-Awo sunan da aji ya laƙa masa ne, saboda tef ɗin awo ba ya barin ƙugunsa, ko jarrabawar rubutu za a shiga. Dogo ne, ba shi da yawan magana, riguna uku muka san shi da su kuma kowacce a goge take. Maimaita ajin yake yi. Bara ana tsakiyar aiki irin wannan ɓarin jikin mahaifinsa ya shanye, ya bar komai ya tafi jinya, aka rubuta masa faɗuwa. Sashenmu ba ya ba da dama ta uku, kowa ya san in ya sake faɗuwa hanyar gida ce. Shi ya koya min in daina danna zarto da ƙarfi, in bar shi ya ci da nauyinsa. Shi ya nuna min yadda ake riƙe cizal, ƙarfen da ake huda rami da shi, ba tare da na yanke yatsa ba. Wata rana muna goge katakon benci da samfefa, ƙura ta yi mana fari-fat, na ba shi labarin sharaɗin Abba. Sai da muka gama sannan ya ce to ashe mu biyu ne a bakin rami, sai mu riƙa duba wa juna. Ƙawata Rediyo, ita ma 'yar rukuninmu, wadda bakinta ba ya hutawa sai in tana barci, ta ji, ta yi mako guda tana tsokanata wai in yi hattara, Injiniya yana da mota amma wani yana da tef.

Ranar Talata aka yi yanka. Ina zaune a kan kututturen katako a bakin ɗakin aiki, wayata sai ƙara take yi. Goggo ta turo hotunan labule guda goma sha ɗaya, ta ce in zaɓa tun yanzu don ita ba ta ga alamar zan ƙarasa shekarar ba. Umma ta turo murya tana tambaya ko na shafa man da ta saya min a hannu. Injiniya yana tambaya wane launi nake so a fente falo, ruwan toka ko ruwan madara. Raina a ɓace yake da maganar Goggo, ina tsara mata amsar da ba za ta zama rashin kunya ba amma za ta ji a jikinta, sai ga inuwar Mai-Awo a kaina, takardata a hannunsa.

"Ɗari biyu da hamsin ɗin nan, kin haɗa da harsuna?"

Ko kai ban ɗaga ba na ce na haɗa. Ya ɗan tsaya, ya ce in dai sake dubawa, tunda ba a kafa ginshiƙai ba balle ya gwada da tef.

"Ni na zana ko kai?" na ce. "In ba ka yarda da lambata ba, kai wa Malam."

Ya ce Allah ya ba ni haƙuri, ya juya. Ina jin zartonsa har azahar, sanda takwas, kowacce ya fere mata harsuna biyu sumul kamar inji ne ya yi.

Ban haɗa ba. Santimita ɗari biyu da hamsin faɗin da ke tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi ne kawai. Kowane harshe yana cin biyar, ga baki biyu, ya kamata in rubuta ɗari biyu da sittin. Kuskuren da Malam ya yi mana gargaɗi a kai tun makon farko, har muna dariya muna cewa wane sakarai ne zai manta.

Ranar Laraba sauran biyun suka kafa ginshiƙai suka zuba siminti. Ranar Alhamis da hantsi muka taru mu biyar don ɗaurawa, har Rediyo ta saita waya za ta ɗauki bidiyo. Ni da Mai-Awo muka ɗaga sanda ta farko, shi a baki ɗaya ni a ɗaya. Harshensa ya shige ramin. Nawa ya tsaya a iska, yatsu uku tsakaninsa da ginshiƙin. Na tura, na sake turawa, kamar katako zai ji tausayina ya miƙe. Muka gwada ta biyu, muka gwada ta uku, har takwas. Siminti ya riga ya kama, ginshiƙi ko gezau. Tun a sanda ta farko na gane abin da ya faru, don na san lambar da na rubuta kamar yadda na san sunana.

Mai-Awo ya zare tef ya auna sanda, ya auna tsakanin ginshiƙai, ya dube ni sau ɗaya, ya naɗe tef ɗinsa. Ya ce kada a yi ta cece-kuce, a bari Malam ya dawo daga taron da ya tafi, ranar Litinin a gwada da takarda. Takardar tana maƙale a allon rukuninmu a ɗakin aiki. Ba wanda ya je ya duba, kowa ta kansa yake yi, yana lissafin ko nasa ɓangaren yana da laifi. Rediyo ta kashe bidiyo, ranar ce ta farko da na ga ta yi tafiya har bakin titi ba ta ce uffan ba.

Da la'asar na shiga ɗakina na murza makulli. Ko rigar aikin ban cire ba na zauna a ƙasa, na jingina da gado, ina kallon teburin zanen da na haɗa da tsohuwar ƙofar kabad, da fensirori a gwangwanin madara, da hotunan gine-ginen da na yanko na liƙa a bango tun ina zaman jiran gurbi. Na rubuta wa Injiniya.

"Na kashe kaina. Na manta harsuna, an yanka katako duka."

Nan take ya amsa. Haka yake, ko yana tsakiyar aiki ba ya barin saƙona ya kwana. Ya ce in kwantar da hankalina, gobe da sassafe zai sa a kawo sababbin sanduna daga wurin ginin da yake kula da shi, a yanka su daidai. Na ce ba za su zo da tambarin sashe ba, kuma Malam ya san katakonsa kamar 'ya'yansa. Na ga yana rubutu yana gogewa, yana rubutu yana gogewa.

"Da biro kika rubuta lambar ko da fensir?"

"Fensir."

"To ai biyar da shida 'yan gida ɗaya ne. Ki rufe wa biyar ɗin cikinta."

Na rubuta masa cewa in na yi haka wani zai faɗi, kuma faɗuwarsa kora ce.

"Namiji ne, zai sami wata hanyar. Ke kin san Abba ba ya magana biyu. Ni in don kaina ne, faɗuwarki riba ce gare ni. Amma na san abin da karatun nan yake a ranki, ba na so in aure ki kina kuka."

Na san wasunku sun fara wasa baki za su zage shi. Ku dakata. Mutumin nan yana iya yin shiru ya bar ni in faɗi ya same ni a sauƙaƙe, bai yi ba. A inda yake aiki, in ji shi, takarda ana gyara ta kullum, wanda ya fi sauri shi ke da gaskiya. Abin da ya sani ya ba ni, kuma da so ya ba ni. Ni ce na zauna a ajin Malam Ba-Ƙusa wata huɗu, ni ce na san abin da lamba take nufi.

Ranar Juma'a na riga kowa zuwa. Mai kula da ɗakin aiki ya buɗe ƙofa ya zagaya baya yana shara. Ɗakin shiru, hasken safiya yana shigowa ta tagogin sama yana sauka a kan tebura, zaruta a jere a jikin bango, kowanne a ƙarƙashin lambarsa. Na cire takardar daga allo na shimfiɗa. Ga sa hannuna a ƙasa, ga na Mai-Awo a gefensa, ƙanana a tsare kamar yadda yake komai. Na zaro fensirin da na yi zanen da shi, na goga bakinsa a gefen tebur don kaurin layi ya zo ɗaya. Ja ɗaya na yi. Ko numfashi biyu ban yi ba an gama. Abin da ya fi tsorata ni shi ne yadda ya yi kyau, ni kaina da na sake dubawa sai na ga kamar shida ce tun asali. Na mayar da takardar, na soka ƙusoshin allon a ramukansu na da, na fita na gaida mai shara har da tambayar iyali.

Asabar da Lahadi ban ci abin kirki ba. Umma ta taɓa goshina ta ce ko zazzaɓi ne. Goggo ta ce ba wani zazzaɓi, ciwon son aure ne, maganinsa yana hannun Abba. Suka yi dariya, ni ma na taya su.

Ranar Litinin Malam ya zo da ƙaramin littafinsa da tef ɗinsa na ƙarfe. Ya sa aka jera sandunan takwas a ƙasa gaban ginshiƙai. Ya auna su ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko ɗaya ba, ko da yake duk mun san abin da zai samu. Sannan ya sauko da tabarau daga goshi ya karanta takardar. Ya tambaye ni ko lambata ce, na ce tawa ce. Muryata ko rawa ba ta yi ba, wallahi har yau ina jin kunyar wannan. Ya miƙa wa Mai-Awo takardar ya ce ya karanta da ƙarfi.

Mai-Awo ya karɓa. Ya daɗe yana kallon ta, daɗewar da har ɗaya daga cikin samarin ya fara gyaran murya. Ni ƙasa nake kallo, na ƙura wa wata tururuwa ido tana jan ɓarɓashin katako.

"Ɗari biyu da sittin," ya ce.

"Ka yanka hamsin. Kana da abin cewa?"

Na ji idonsa a kaina. Ban ɗago ba.

"Babu, Malam."

Malam ya cire tabarau ya murza idanunsa. Ya ce shekara biyu yana kallon hannun yaron nan, bai taɓa ganin ya kauce ko da kaurin farce ba, amma doka ba ta san hannu ba. Ya ce ranar Laraba zai miƙa sakamako ga sashe, kuma Mai-Awo ya san matsayinsa. Mai-Awo ya ce ya sani. Rediyo ta juya baya tana share ido da gefen mayafi. Bakin nan nawa da yake mayar wa Goggo magana kafin ta rufe nata, bakin da ya ce wa bawan Allah ni na zana ko kai, a ranar nan sai ya mutu murus. Malam ya rubuta abin da zai rubuta, ya rufe littafi, ya tafi.

Kun san abin da Mai-Awo ya yi bayan nan? Cewa ya yi mu taimaka a kwashe sandunan a kai inuwa kada rana ta lanƙwasa su, wai ko gajeru ne za su yi wa wani rukunin ƙafar benci. Ni da shi muka sake ɗaukar sanda ɗaya, shi a gaba ni a baya, ina kallon ƙeyarsa da zufar da ta jiƙa wuyan rigarsa. Da muka gama ya goge zarto da cizal ya rataye kowanne a mazauninsa, ya yi wa kowa sallama har da ni. Da zagi na ya yi, da na fi samun sauƙi.

Na dawo gida na tarar ana ta hidima, ashe Injiniya zai zo gaida Abba da la'asar tare da yayarsa. An canza rigunan kujeru, an fito da kofunan nan masu bakin zinariya da ba a taɓa su sai da babban baƙo, falo sai ƙamshi yake. Umma ta shimfiɗa min doguwar riga ruwan zuma mai duwatsu a hannu, da mayafinta mai laushi wanda ko taɓawa ba ta bari in yi, da 'yan kunnen da ta ce na kakata ne. Ta ce in jiƙa hannuwan nan a ruwan ɗumi ko sa yi laushi, kada yayar mutum ta gaisa da ni ta ɗauka lebura ta kama. Na yi wanka, na sa rigar, na zauna gaban madubi. Ina saka ɗan kunne na biyu wayata ta yi ƙara.

Mai-Awo ne. Bai taɓa turo min saƙo ba sai a zauren hirar rukuninmu na waya. Hoto ne, na buɗe. Takardata ce a kan teburin yanka, gefen zarto ya fito a hoton, ga kwanan watan Talata a sama. Ɗari biyu da hamsin, biyar ɗin da cikinta a buɗe, ɓaro-ɓaro.

Ɗan kunnen ya faɗi ya gangara ƙarƙashin gado. A ƙasan hoton ya rubuta cewa tun abin da ya same shi bara, ba ya yanka komai sai ya ɗauki hoton takarda. Na tambaye shi me ya sa bai nuna wa Malam ba.

"Na ɗauka za ki faɗa da kanki. Har ya rufe littafi ina jira."

Sai ga wani saƙon nasa.

"Ban iya kai ƙarar wanda muka ɗaga katako ɗaya da shi ba. Na goge nawa yanzu. Wanda ke hannunki shi kaɗai ya rage, ki yi yadda kika ga dama da shi."

Masu karatu, na yi kuka, irin kukan da ba ya fitar da sauti, kwallin da na zizara ya gangaro har haɓa. Ba tausayinsa ne ya fi ci na ba, kunya ce. Ya san sharaɗin Abba, ni na faɗa masa da bakina, kuma da abin da na faɗa masa ya ɗaure hannun kansa. A waje na ji tsayuwar mota, na ji Umma tana lale marhabin, na ji dariyar Goggo. Share hoton ba zai ɗauke ni ko daƙiƙa ɗaya ba, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, sai da yatsana ya je kan wurin sharewar ya tsaya. Shekara huɗu na jira gurbin nan.

Na nemo lambar Malam a zauren aji. Na tura masa hoton, na rubuta: "Malam, wannan ce takardar ranar da aka yanka. Ni na mayar da biyar shida ranar Juma'a da safe. Mai-Awo ya tambaye ni ko na haɗa da harsuna, na ce na haɗa. Ba shi da laifi ko kaɗan." Ban sake karantawa ba don na san in na karanta zan gyara, in na gyara zan fasa. Na tura. Kafin in goge fuskata alama ta nuna ya buɗe.

"Na gani. Gobe ƙarfe takwas, a ofishina."

Umma ta ƙwanƙwasa ta ce wai sai an aiko da mota ne kafin in fito. Na wanke fuska, na cire ɗan kunne ɗayan, na ja mayafi na rufe kunnuwan, na ɗauki tiren shayi.

Abba yana kujerarsa ta kusa da taga, Injiniya a ƙasa kan kafet cikin farar riga mai guga, ya naɗe ƙafa, yayarsa kusa da Umma. Na durƙusa na gaida kowa, na zuba shayi. Injiniya ya dube ni ya yi murmushin nan nasa da ya sa na fara son sa, ya karɓi kofi. Hira ta zagayo kan makaranta, Goggo ce ta jawo ta, tana tambaya ko rumfar tamu ta tsaya ko ta faɗi. Injiniya ya riga ni amsawa. Ya ce an ɗan sami matsala amma an gano ba daga wajena ba ne, wani yaro ne ya yanka ba daidai ba, ai tun ranar Alhamis muna tare da shi a waya a kan maganar. Don ya kare ni ya faɗa, na sani.

Abba ya gyaɗa kai. Ya ce shi da farko bai ɗauka zan iya ba, amma ya ga na dage, kuma ya ji daɗi da ba a same ni da wasa da aikin mutane ba. Ya ce Allah ya yi min albarka. Abba ba mai yawan faɗin haka ba ne, ina iya ƙirga sau nawa na ji ta daga bakinsa tun tasowata.

Na ajiye butar shayin a kan tire.

"Abba, ka riƙe albarkar tukuna, ban cancance ta ba."

Na faɗi komai, ina durƙushe, idona a kan kafet. Harsunan da na manta, tambayar da aka yi min na amsa da tsiwa, safiyar Juma'a, shirun da na yi yau, da saƙon da na tura wa Malam yanzun nan. Na ce na san sharaɗi, kuma ban zo roƙon a janye shi ba. Umma ta dafe ƙirji. Goggo ta buɗe baki, Abba ya ɗaga mata hannu ta mayar ta rufe.

"Auta," Abba ya ce a hankali, "na san ki da tsiwa, na san ki da taurin kai. Ban san ki da wannan ba. Wa ya ba ki shawarar?"

Na ji ƙarar kofin Injiniya ya sauka a kan faranti.

"Hannuna ne ya riƙe fensirin, Abba."

"Ba hannu na tambaye ki ba," ya ce. Ya ɗauke idonsa daga kaina, ya juya gaba ɗaya ya fuskanci Injiniya. "Kai ka ce tun ranar Alhamis kuna tare a waya."